Kumai Mai Gaida Jirgi

Har ya bar aikin reluwe, ba wanda ke kiran mijina da sunansa na gaskiya a tashar Kafanchan. In ka ce kana neman Kumai, sai a tsaya kallonka. In ka ce Mai Gaida Jirgi kuwa, ko mai sayar da rake zai nuna maka hanya. Ni ce matarsa, Afiniki. Shi in yana ba da labarin nan, sai ya tsallake duk inda bai yi masa daɗi ba, don haka bari ni in bayar.

Mutumin Kagoma ne, ɗan manomin doya. Mahaifinsa dattijon majami'a ne, irin waɗanda in yaro ya miƙa musu ƙoƙon ruwa da hannu ɗaya, ruwan a kan yaron zai ƙare. Haka Kumai ya tashi. In zai ba babba abu, sai ya rusuna, ya haɗa hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Gaskiya wannan ladabin ne ya sa na aure shi, don ba kyau ya fi samarin ƙauyenmu ba.

Lebura ya fara, shekara huɗu yana saran ciyawa a gefen layin dogo. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka ɗaga shi, aka ba shi kaki da hula, aka tura mu wata ƙaramar tasha tsakanin Kafanchan da Zonkwa. Aka ba mu gida mai ɗaki biyu da rufin kwano, ga rijiya, ga mangwaro. Ranar da ruwan sama ya fara sauka, na zauna tsakiyar ɗaki da 'yarmu Hellen a cinya ina jiran inda zai yi yoyo, shiru. Na ce a raina, gidan nan sai dai a fitar da ni da ƙarfi.

Aikin da aka ba shi, a baki ba wuya. Layin ɗaya ne, jirgin da ke zuwa da mai komawa duk shi suke bi. Don kada su haɗu, ba direban da zai wuce tasha sai da sandar izini a hannunsa, wani guntun ƙarfe da ake sa wa a jakar fata, a ɗaura jikin wani babban zoben gora. Jirgin da ke tsayawa, sai ka taka a hankali ka miƙa. Amma babban jirgin fasinja ba ya tsayawa a tasha irin tamu, sassautawa kawai yake yi. Dole mutum ya tsaya dab da layi, ya ɗaga zoben sama da hannu ɗaya, direba ya leƙo ya zura hannu ya fizge, jirgi na tafiya.

Mako biyu Kumai yana kallon shugaban tasha, Malam Jonathan, yana yi. Ranar wata Talata aka ce yau shi ne. Na goge masa kaki da dutsen guga har yana ƙyalli, na goya Hellen na tsaya ƙarƙashin mangwaro. Jirgi ya ɓullo daga kwana yana hayaƙi, ƙasa na rawa. Kumai ya ɗaga zobe daidai yadda aka koya masa. Jirgi ya matso, direba ya miƙo hannu. Sai mijin nawa ya haɗa hannu biyu, ya rusuna har ƙasa, ya sunkuyar da kai. Hannun direba ya wuce ta saman hularsa, bai kama komai ba.

Ban taɓa jin ƙara irin ta birkin nan ba. Jirgi ya je can gaba ya tsaya, fasinjoji duk suka zuro kai ta taga. Direban ya sauko ya tako da ƙafa, wani ƙaton mutum mai gashin baki, Oga Dozie, wanda duk layin aka sani ba ya makara ko da minti ɗaya. Ya zo da faɗa a bakinsa, sai ya tarar da Kumai har yanzu a durƙushe, yana riƙe da zobe hannu biyu. Ya kalle shi, ya kalli Malam Jonathan, sai dariya ta ƙwace masa.

"Wannan mutum naka yana gaida jirgi ne?" in ji shi. "Jirgi ya amsa?"

Kafin yamma sunan ya riga mu isa Kafanchan. Amma takarda ba ta san dariya ba. Jirgi ya yi asarar minti goma sha ɗaya, rahoto ya tafi sama, amsa ta dawo. Kumai zai koma saran ciyawa na wata guda. Ƙarshen wata sufeto zai zo cikin jirgin nan ya gani da idonsa. In ya miƙa daidai, ya ci gaba da aiki. In ya sake kuskure, ya ajiye kaki, mu kwashe kayanmu daga gidan.

Kwana uku yana yi mini bayani. Wai ladabi ne. Wai yaya za a yi ya miƙa wa babban mutum kamar Oga Dozie abu da hannu ɗaya, a tsaye ƙiƙam, yana kallon tsakiyar idonsa? Wai babansa in ya ji, sai ya tsine masa. Na bar shi ya gama, ina tuƙa tuwo. Ran na huɗu haƙurina ya ƙare.

"Baban Hellen," na ce, "ina ƙarƙashin mangwaro fa. Ladabi ba ya sa mutum ya runtse ido. Na ga wandonka yana kaɗawa, kuma ba iska ranar."

Ya yi fushi, ya ƙi cin tuwon. Ni ma ban roƙe shi ba, na ci nawa na ci nasa.

Ranar Lahadi bayan sujada sai ga babur a ƙofar gida. Oga Dozie ne, da burodi biyu a jaka. Kumai ya rasa inda zai sa kansa. Baƙon ya zauna a kujerar katako, ya ɗauki Hellen yana mata wasa, sannan ya ce, "Kumai, faɗa mini gaskiya. Ka ji tsoro?"

Mijina ya dubi ƙasa. "Oga, na ji. Abin nan ya fi coci girma. Gwiwa na ya mutu."

"Yauwa. Yanzu za mu iya magana." Ya ajiye yarinyar. "Ni da ka gani, a Kafanchan aka haife ni. Bayan yaƙin basasa, ranar da na dawo daga gabas, jirgi ya tsaya a tasha, kowa ya sauka, ni na zauna. Ƙafa ya ƙi tashi. Ban san wa zan gani ba, ban san yaya za su kalle ni ba. Sai na ce wa ƙafa, to, kai ka yi ta rawa, hannu zai ɗauki akwati. Hannu ya ɗauka. Ƙafa ya ga an bar shi, ya biyo."

Na ji tausayinsa ƙwarai, don ban taɓa tunanin mutum mai wannan gashin baki ya san tsoro ba.

"Gwiwa ba shi cikin aikin nan," ya ci gaba. "Reluwe hannunka ta ɗauka aiki. Kada ka duba jirgi, jirgi ba ruwanka da shi. Hannu na za ka duba. Kuma in kana so ka girmama ni, tsaya a miƙe. In ka durƙusa, mutum ɗari biyar za su makara."

Shawara ta yi, amma ina za a samo jirgin gwaji? Ni na samo. Akwai gangare daga majami'a zuwa rafi, ga keken Malam Jonathan a jingine yana hutawa. Na are shi. Kumai ya lanƙwasa gora ya yi zobe, ya kafa dutse biyu a ƙasa inda ƙafafunsa za su tsaya. Kowace yamma in ya dawo daga saran ciyawa, sai in ɗaure zane tamau, in tura keke zuwa saman gangare, in sako shi da gudu ina ihu, hannu a miƙe. Ranar farko ya kauce, na wuce na faɗa gonar doyar mutane. Rana ta biyu bai kauce ba, na kwashe shi muka faɗa tare.

Labari ya kai kunnen 'yan zumuntar matan majami'armu. Da farko kallo suke zuwa yi, suna dariya har da riƙe ciki. Daga baya shugabarmu ta ce keke ba shi da ƙara, ai wannan ba gwaji ba ne. Washegari suka zo da tulunan kiɗa da kacau-kacau, suka jeru gefen hanya. Ina sakowa sai su fara a hankali, su yi ta ƙara sauri, wata tsohuwa tana kukan jirgi da bakinta. Kumai ya ce ƙarar matan nan ta fi ta jirgi tayar da hankali, kuma na yarda da shi. Yatsunsa suka yi kanta saboda fizgar gora, gwiwoyina duk suka sha ƙurjewa. Bai fasa ko rana ɗaya ba. Ko da rana yana saran ciyawa, in jirgi zai wuce, sai ya ajiye adda ya tsaya nesa kaɗan, ido buɗe, yana neman hannun direba. Kullum sai ya ƙara matsowa taku ɗaya.

Ranar gwaji ta zo da yayyafi. 'Yan zumunta suka cika ƙarƙashin mangwaro, wai sun zo taya ni tsintar gyaɗa. Malam Jonathan ya miƙa wa Kumai zobe. Ya je ya tsaya. Daga inda nake ina hango wandonsa, yana kaɗawa fiye da na ranar farko. Na waiwaya na kalli rufin kwanon nan, na fara tunanin wace tukunya zan fara ɗaurewa.

Jirgi ya ɓullo. Ga farar hular sufeto a bayan Oga Dozie. Sai na ga bakin Kumai yana motsi, kamar mai yi wa wani faɗa. Jirgi ya matso, ƙasa ta ɗauki rawa, tururi ya rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Abin da ya rage ina gani shi ne hannu ɗaya a sama, a miƙe, ko motsi ba ya yi. Sai ji na yi kas! Zoben yana kafaɗar Oga Dozie, jirgi ya wuce bai tsaya ba, ya saki kuka mai tsawo har ya shige kwana. Matan nan suka watsar da gyaɗa suka ɗauki guɗa. Ni kuwa zama na yi a ƙasa cikin taɓo, na yi kuka na ƙoshi.

Da ya dawo na tambaye shi me yake faɗa a wurin. Ya ce, "Da gwiwa nake. Na ce masa ka yi ta rawa, Maman Hellen ba za ta kwashe tukunya ba."

Shekara bakwai ya yi a tashar nan, bai sake kuskure ko sau ɗaya ba. Har sababbin ma'aikata ake turo masa su koya. Abin da yake fara yi shi ne ya tsayar da su kusa da shi jirgi na zuwa, ya ce su dubi wandonsa. Don rawar ba ta taɓa dainawa ba, har ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki.

Ƙarshen shekarar saba'in da tara aka mayar da mu Kafanchan, daidai lokacin da Oga Dozie ya yi ritaya. Wata Asabar ya zo gidanmu da ƙafa, gashin bakin duk ya yi fari. Na dama kunu na zuba a ƙoƙo zan kai masa, sai Kumai ya tare ni ya karɓa. Ya tako a hankali har gaban kujera. Ya rusuna, ya haɗa hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

"Oga," ya ce, "shekara bakwai ina ba ka abu da hannu ɗaya. Yau jirgi a tsaye yake."

Oga Dozie bai yi dariya ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa.