Kurtu Ɗaya Tilo a Hanyar Illela

Konni

Mun bar tashar Konni ana kiran asuba, cikin wata tsohuwar a-kori-kura. Hankalina ba kwance yake ba, domin dole in bayyana a buron sufurefe, wato ofishin mai mulkin Illela, kafin azahar, in ba haka ba, aikin koyarwa da aka ba ni na iya komawa hannun wani.

Kusa da ni akwai wani tsohon soja, Baba Ajidan. Muna tashi ya ce mota ba tsari garke ce. Ya bayyana mana, in ban manta ba, cewa kurtu na ƙarƙashin kaparal, kaparal na ƙarƙashin sarjan, haka har kolonel, kuma umarni daga sama yake gangarowa.

Malbaza

Da hantsi muka tsaya shan fura. Nan ya fara rabon muƙami. Wani mai akuya ya ba shi goro, ya zama kaftin. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta miƙa kilishi, sai ga ta kolonel. Haka kowa ya samu nasa, har da wanda ya zama kumandan.

"Kai fa, ɗan lakwal?" ya tambaye ni, ganin na yi kama da ɗan makaranta.

"Baba, ina ganin a bar ni tukuna. Mulkin soja ake yi, kada ya zama laifi."

"To, kai ne kurtu."

Tajaye

Gab da Tajaye mota ta kafe cikin rairayi. Direba ya roƙi a tura. Hajiya Kolonel ta umarci kumandan, kumandan ya umarci kaftin, magana ta yi ta gangarowa har ta faɗo kaina.

"Tura, kurtu!" in ji mai akuya. "Ina ka taɓa ganin kaftin na tura mota?"

Na tura ni kaɗai, rana na ta hawa. Sai ga ƙura daga kudu. Tsoro ya sa na ce da ƙarfi, "Ban tabbata ba, amma kamar motar sojoji ce. In sun tambayi waye kolonel, mi za mu ce?"

"Ni atamfa nika saidawa!" in ji Hajiya, ta diro ta kama ƙarfe. Nan take rundunar duka ta koma kurata, har da Baba Ajidan. Mota ta fita. Mai ƙurar ta wuce mu: babbar motar siminti ce.

Illela

Na shiga buro da rairayi har cikin kunne, ana shirin rufewa, aka karɓe ni. Daga nan sai gida. Na gode wa Allah, sannan direban simintin nan, wanda bai san ya rushe runduna ba.