Turancin motsa jiki ya kusa jawo mini hayaƙi

'Yan uwa, yau saura ƙiris a ɗaure ni a kai ni wajen malam a Roni.

Kun san jibi zan yi gwajin koyar da motsa jiki a wata firamare a Kazaure, kuma da Turanci za a yi. Baturiyar da nake saurara a waya ta ce duk kalmar da ka koya, ka yi ta da jikinka. Sai na sa iyafis a kunne. Ina tsalle ina "warm up", na kwanta ina "stretch out", na zabura ina "get up".

Ban ji sallamar Inna, uwar mijina, ba. Ina juyowa na gan ta da kaskon wuta da tazargade, maƙwabta biyu a bayanta riƙe da zani.

Ta ce, "Ku riƙe ta, aljani Bature ne ya hau ta."

Na ce, "Inna, wallahi karatu nake yi."

Ta ce, "Haka suke cewa."

Garin kokawa iyafis ya fizge, muryar Baturiyar ta cika ɗakin. Suka sake ni. Alhamdu lillahi!

Inna ta saurara, ta ajiye kasko, ta ce, "To, tambaye ta ko tana da na ciwon baya."