Ɗari Biyar da Ashirin, da Sirrin da Rakiya Ta Hana Ni

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Rakiya, kuma har yau ina kishin Mulikat. Na faɗa a jarida don kada wani ya riga ni faɗa.

Mulikat aminiyarta ce, Bayerabiya haifaffiyar Sabon Gari, rumfarsu ɗaya ta sayar da atamfa. Ni kuwa ni na goya Rakiya a gidanmu na Fagge, ni na aurar da ita. Allah bai ba ni haihuwa ba, ita ya ba ta biyar a jere. Lokacin bakina ba ya shiru a kan matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa. Butulci nake kiran abin, a gaban kowa, har a gabanta.

Ciwon ya zo wa Rakiya a hankali. Kasala, jiri in ta miƙe, rama, ga kwaɗayin gishiri har lasa take yi. Layukan tafin hannunta suka yi baƙi. Likita ya ce yana zargin wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda sun gaza fitar da sinadarin da ke riƙe jiki, kotisol sunansa. Gwajin ba wuya: a ɗebi jini, a yi allurar da za ta zaburar da su, bayan rabin awa a sake ɗiba. In lambar ta haura ɗari biyar, lafiya lau.

Kafin allurar ya tambaye ta ko tana shan wani magani. Ta buɗe baki, na riga ta.

"Ba ta shan komai, likita. Da tana sha da na sani."

Ta sunkuyar da kai. Haka muke, babba na zaune ƙarami ba ya ƙaryata shi. Sakamako ya fito ɗari biyar da ashirin, aka ce ta haye. Bayan wata huɗu zazzaɓi da amai suka kwantar da ita, cikin kwana biyu rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar bakwai Mulikat ta ja ni gefe tana kuka. "Yaya, ni nake sayo mata ƙwayar tazarar nan shekara biyu. Ta ce in kin ji za ki tsine mata." Wallahi ba baƙin ciki ne ya fara zuwa mini ba, kishi ne. Yarinyar da na tauna wa abinci ta ɗauki sirrinta ta tsallake ni ta kai Sabon Gari.

Takardar gwajin ce ta sa na shiga makarantar yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da shida. Na gaji da a karanta mini. Da na iya, na kai ta wurin wata likita, na gaya mata komai. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce irin wannan ƙwaya tana kumbura lambar a cikin jini alhali abin da jiki ke mora bai ƙaru ba, shi ya sa ake dakatar da ita makonni kafin gwaji. Ta ce ɗari biyar ɗin ma ba saukakkiyar aya ba ce, kowace na'ura da iyakarta, sababbin ma ƙasa da haka suke yankewa. Lambar da ta tsaya a bakin iyaka, ga mai ita tana ramewa, maimaita gwaji ake yi. Kuma ita sai ta fitar da 'yan rakiya waje kafin ta tambayi mace abin da take sha.

Da na fito na ga matan da ke layinta, masu ciwon Rakiya sak, suna hira, wata na cin gyaɗa. Ƙwaya 'yar ƙarama safe da rana ke riƙe da su. Na tsaya ina kallon yayyensu da suka rako su, ina jin kamar in tambaye su me suka fi ni. Da Rakiya ta ga wannan zamani, na san dariya za ta yi ta ce, "Yaya, ashe akwai ɗakin da ake korar ki."

Babbar 'yarta Safiya a hannuna ta tashi, bara na aurar da ita. Kunyar uwarta ta ɗauko, da sunkuyar da kan nan. Watan jiya ta zo ta ce za ta asibiti. Na jawo mayafina, sai ta ce a hankali, "Umma, da Mama Mulikat za mu."

Na raka ta bakin titi, na tare mata a-daidaita-sahu, na ce wa direban Sabon Gari. Ban tambaye ta me ke damunta ba, kuma har yau ba ta gaya mini ba. Allah ya jiƙan Rakiya, ya ba 'yarta lafiya ko da ba ta hannuna ba.