Geron da na shuka a kan layin dogo

Har yau ban manta ranar da takardar sufeto ta iso ni ba. Ni mutumin Azare ne, garin da jirgin ƙasa bai taɓa ratsawa ba, amma reluwe na yi wa aiki har na yi ritaya. A lokacin ni ne shugaban wata ƙaramar tasha, wadda saboda gyada aka gina ta, garin kuma ya taso a bayanta. Gyada ta ja baya, jirgi ya bi sahu.

Takardar ta ce ranar Alhamis sufeto zai zo da kan jirgi. Duk tashar da ya tarar layinta a toshe za a soke sunanta, tashar da aka soke kuwa ba ta dawowa. To, damina uku ba mu ga jirgi ba, mutanen gari sun shuke layin da gero. Mafi kyawun geron nawa ne, daidai gaban ofis.

Na je wurin mai unguwa, Malam Buba, wanda mahaifinsa ya yi dakon buhuna a tashar. Ya saurare ni, ya ce gero ya fara fid da kai, saura mako uku a girbe. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, naka fa?"

Na yi masa sallama na koma gida. Da safe na ɗauki adda na sare nawa tas, jama'a na kallo. Uwargidana ta yi kwana biyu ba ta ce mini ko sannu ba. A ranar da na sare nawan, kafin azahar Malam Buba ya fito da tasa addar, sauran suka biyo baya, wasu na gunaguni. Makiyaya suka kwashe karan.

Alhamis na sa kaki, na riƙe koriyar tuta tun hantsi. Sai la'asar sufeto ya iso, a bayan babur. Dawar da aka shuka a kan layin tashar da ke gabanmu ce ta tare kan jirgin.

Ya bi layin da ƙafa har ƙarshe, ya dubi kututturen geron da ke gaban ofis, ya tambayi na wane ne. Na ce na shugaban tasha ne. Ya rubuta: a bar tashar.

Ku da kuke shiga aikin yanzu, abin da na koya ke nan: mutanen ƙauye ba sa musu da doka, jira kawai suke su ga gonar wa za ta fara ci.