Manjo, Aladiyar Kofur Kefas

Ranar kasuwa ce, hantsi ya ɗaga, sai ga kabu-kabun Solomon ya biyo ta gaban coci a guje. Baba Kofur Kefas na zaune a baya, a tsakaninsu kuwa ga wata an lulluɓe ta ruf da zanin zumuntar mata, ko ɗan yatsanta ba a gani. A Zuru ba wanda zai tambayi ma'anar wannan. Haka ake ɗaukar wanda ciwo ya kayar, a sa shi tsakiya, na baya ya rungume. Tun da kuwa Kofur ne ya rungume, zanin kuma na zumunta ne, to ai matarsa ce, Mama Hannah. Abin da ya ƙara tayar da hankali, ba hanyar asibiti suka nufa ba, hanyar Manga suka miƙa, ƙauyensu. Wanda aka juya da shi ƙauye kuwa, an riga an cire rai.

Mata masu gyaɗa suka ɗora hannu a ka. "Wayyo Maman Glory! Jiya-jiyan nan fa ita ta ba da waƙa a zumunta!"

Suna cikin haka tayar gaba ta faɗa rami. Mara lafiya ta farka. Ta ƙwala wata irin ƙara da ba a taɓa jin 'yar zumunta ta yi ba, ta yi harbi da ƙafa huɗu, mashin ya kwanta a kwata, Solomon a ƙasa, Kofur a kansa. Sai ga aladiya ƙatuwa, ga ciki ya sauka, ta fito da zanin zumunta ɗaure a wuya, ta ratsa cikin kasan tumatir tana jansa. Kofur ya tashi da takalmi ƙafa ɗaya yana bin ta yana kira, "Manjo! Manjo, tsaya!" Can gefe kuwa, gaban mai busasshen kifi, Mama Hannah ce tsaye da kwandonta, lafiya ƙalau, tana kallon mata suna yi mata kukan mutuwa.

To, wanda bai san Kofur Kefas ba sai ya ce taɓin hankali ne. Mu da muke katanga ɗaya da shi mun san hankalinsa lau, zama ne kawai bai iya ba.

A kan duwatsun wajen Manga aka haife shi. Da ƙuruciya ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, har yau in Hannah ta ɓata masa rai yakan nuna mata tafin hannunsa ya ce duba kantar da na yi dominki. Ita kuma ta ce ai abokansa ne suka yi noman, shi zagaya gona yake yana ba da oda. Daga nan ya shiga soja kamar rabin samarin ƙasar nan. Ya je Laberiya, ya dawo da igiya biyu a hannun riga, da gwiwa mai ciwo, da wata 'yar rediyo mai baƙar jaka. Da ya ajiye aiki sai gida ya zama bariki. Asuba ta fari yana tsakar gida da tsintsiya. In ya share sai ya sake sharewa. Ya zauna a kujera, kafin ka gama gaisuwa ya miƙe ya je ya duba ƙofa, ya dawo, ya sake miƙewa ya duba ko ya duba da kyau.

Kiwo ya so yi, kiwo ya ƙi shi. Ya fara da kaji, suna ta yaɗo, sai shekarar murar tsuntsaye ta zo. Rediyo ta ce ana kashe kaji a wajen Kaduna, Kofur bai jira kowa ba ya bi su da wuƙa rana ɗaya. Unguwa ta sha romo, mun gode, amma har aka daina maganar ba wanda ya leƙo Zuru neman kajinsa. Ya koma awaki, suka ci masarar Dodo tela, maƙwabcinsa na ɗaya gefen, aka yi ta shari'a gaban mai unguwa har ya rabu da su. Sai wansa na Manga ya ji tausayinsa ya aiko masa da 'yar aladiya a buhu.

Ita kam ta karɓe shi. Ya gina mata ɗaki a bayan gida, da ƙofar langa-langa da sakata. Kullum yana tafe da bokiti gidajen masu burukutu yana kwaso mata dusa. Ya sa mata suna Manjo, ya ce tun da shi bai kai ba, gara a samu wanda ya kai a gidan. Da safe in ya buɗe ƙofa sai ya ƙame ya sara mata, ita kuma ta yi masa gurnani. A duk abin da ya taɓa kiwatawa, ita kaɗai ta yi ƙiba a hannunsa, ita kaɗai ta kai ga ɗaukar ciki. Kofur ya riga ya raba 'ya'yan tun suna ciki: ɗaya na wansa, ɗaya na Glory 'yarsa da ke aure a Kaduna, sauran kuma ba mai taɓawa.

Ana nan, gab da faɗuwar damina a shekarar dubu biyu da tara, rediyo ta fara wata sabuwa. Murar aladu. An ce ta ɓulla a Meziko, tana kashe mutane, tana tsallaka ƙasashe a jirgin sama. Kofur bai san inda Meziko take ba, amma ya ce tun da ya je Laberiya bai gan ta a hanya ba, to can gaba take, da sauƙi. Sai aka ce a Masar gwamnati ta ba da umarni a kashe aladun ƙasar kaf. Masar kam ya san ta, tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ba ta da nisa.

Daga ranar rediyo ta koma wuyansa, a rataye. Da ita yake wanka, da ita yake shiga bayan gida. In aka gama labarai a wannan tasha ya murɗa waccan, in an ce ba sabon abu sai ya ce ɓoyewa suke. Mota ta tsaya a bakin layi, ya leƙa ta saman katanga. Ya tabbata wata rana za a sauke mutane masu fararen kaya har fuska, su wuce kai tsaye bayan gidansa.

Dodo kuwa ya samu abin yi. Yana taka kekensa yana ɗaga murya ta kan katanga.

"Kofur, ka ji na yau? An ce ta shiga Turai!"

"Na ji. Ka yi ɗinkinka."

"Ni dai iska daga wajenka take busowa. Jiya na ji Manjo ta yi atishawa."

"Dusa ce ta shige mata hanci. Kai ba ka atishawa?"

Ran Lahadi a coci, da aka zo gaisuwar salama, wanda ke gefen Kofur ya haɗa hannuwansa biyu a ƙirji ya yi masa murmushi daga nesa. Mai naman alade na bakin tasha ya yini yana korar ƙuda. Glory ta bugo waya tana roƙo, "Baba, don Allah ku rabu da dabbar nan, ranku ya fi." Ya ce mata layi ba kyau, ba ya ji. Shi kansa kuma in atishawa ta taso masa sai ya ruga ɗaki ya danna fuska a matashi, don kar Dodo ya ji ya lissafa. Ya fito yana taɓa goshi, ya tambayi Hannah ko jikinsa da zafi.

"Baban Glory, rana ake yi. Kowa jikinsa da zafi. Ka zauna wuri ɗaya, kana sa ni jiri."

Bai zauna ba. Ya yanke shawara shi kaɗai, a kai Manjo Manga, can kan dutse gidan wansa, inda mota ba ta hawa, har ta haihu. Ya samu Solomon suka shirya. Don kar ta yi ƙara a hanya, ya ba ta burukutu na gaske, ba dusa ba, ta sha ta miƙe tana minshari. Ya zo ɗaure ƙafafu sai tausayi ya kama shi, ya ɗaura da tsumma sako-sako. Ya duba igiyar shanya, zanin zumunta ne mafi faɗi, kuma ya san ba ɗan sandan da zai tsayar da mara lafiya. Bai tuna cewa ranar kasuwa ce ba, bai kuma tuna matar zanin tana kasuwar ba.

Sai da majiya ƙarfi suka taru kafin aka kama Manjo a bayan rumfar masu doya. A ƙasa aka koro ta gida, Kofur na gaba yana ɗingishi, jama'a na biye. Abin da ya fi ƙona wa Hannah rai, labarin ciwonta ya riga labarin aladiya isa unguwannin nesa. Har yamma mata na shigowa da kwanon kunu suna sannu da jiki, su tarar da ita a bakin rijiya tana dirzar zani da sabulu. Da suka watse ta dube shi sau ɗaya.

"Shekara nawa ina ciwon baya a gidan nan, ko sau ɗaya ka taɓa rungume ni a mashin?"

Kofur ya ɗauki bokitin dusa ya yi bayan gida.

Yanzu kuwa abin da yake ɓoyo duk gari ya sani. Dodo ya sa rigarsa ta fita, ya tafi ofishin dabbobi ya kai ƙara, ya dawo ya sanar ta kan katanga cewa suna nan zuwa. Ba a faɗi rana ba, wannan ne ya fi cin Kofur. Ya fito da tsohon takalminsa na soja ya goge, ya ajiye benci a ƙofar ɗakin Manjo, ya kama gadi. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya ɗakin, ya dawo. Abinci sai dai a kai masa can, ya ci loma biyu ya tura mata saura. Wani yammaci ya ɗauko wuƙa ya wasa, ya ce gara shi ya yi da hannunsa da a zo a harbe ta kamar ɓarauniya. Ya shiga, ya same ta kwance, cikin nan yana motsi, nan ya tasa can ya lotsa. Ya daɗe a tsugune. Ya fito ya yanke farcensa da wuƙar ya mayar ɗaki.

Ran da suka zo, ba mota, ba fararen kaya. Wata 'yar siririyar mata ce a kan ƙaramin mashin, Malama Beatrice, ma'aikaciyar dabbobi, da jaka a kafaɗa. Duk da haka Kofur ya ƙame a bakin ƙofa ya tare. Unguwa ta cika gidan, Dodo a sahun gaba da ƙyallen atamfa ɗaure a hanci.

"Sannu Baba. In gan ta?"

"'Yata, ki fara faɗa mini. Dubawa kika zo ko kashewa?"

"Baba, da me zan kashe ta, da biro? Ba wanda ya aiko ni kisa."

Ya matsa kaɗan, ba duka ba. Ta raɓa ta shiga. Ta duba hanci, ta duba ido, ta auna zafin jiki, ta shafa cikin, ta tambayi yadda take cin abinci. Kofur na tsaye a kanta yana amsawa tun ba ta gama tambaya ba. Da ta fito ta wanke hannu, ta juya wajen jama'a.

"Lafiyarta ƙalau, haihuwa ma ta kusa. Ciwon da kuke ji a rediyo, sunan alade kawai ya ɗauka, yanzu tsakanin mutane yake yawo, daga wannan zuwa wancan. Ku riƙa wanke hannu, mai tari ya rufe baki. In ma akwai abin tsoro a nan, mutum mai mura ne zai iya shafa mata. Mai mura kar ya matso kusa da ita."

Kofur ya zauna a benci. Mu dai ba mu taɓa ganin ya zauna har bayansa ya taɓa bango ba sai ranar.

Dodo bai ji daɗi ba. Ya janye ƙyallen daga hanci don a ji shi sosai, ya matso har bakin ƙofar. "Malama, ki dai sake dubawa. Mu ne muke kwana da warin nan. In ba za a kashe ba, a fitar da ita daga cikin muta..." Maganar ta sarƙe shi, ya kama tari, ƙoho-ƙoho, har da hawaye.

Kofur ya miƙe zumbur, ya ja ƙofar langa-langa ya danna sakata, ya tsaya a gabanta.

"Dodo, ja baya! A unguwar nan kaf, ita kaɗai likita ta duba ta ce lafiyarta lau. Kai wa ya duba ka? Mayar da tsummanka, ka je can ka yi tarinka, mai ciki gare ni a ɗaki."