Wadda Ta Riƙe wa Mama Littafi

Ni ce idon Mama. Haka take gaya wa mata a zumuntar matan majami'a, ni kuwa sai kaina ya kumbura. Ba ta yi makaranta ba, don a ƙauyensu, can wajen Fadan Kagoma, fartanya aka miƙa mata tun tana ƙarama. Da muka zauna a Kafanchan, duk abin da yake a rubuce ni ke karanta mata: takardar magani, waƙoƙin majami'a, labaran da ke cikin littafin makarantarmu. Da yamma tana tsaga citta a tsakar gida, ni ina kan wani tsohon turmi da aka kife, ina karatu da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ko yayana bai isa ya zauna a turmin nan ba.

Sai majami'armu ta buɗe ajin yaƙi da jahilci, Mama ta shiga. Ban damu ba, na ɗauka kwana biyu za ta gaji. Na ma gwada koya mata, ta tsaya a kan kalma ɗaya har ruwan tuwo ya tafasa, na faɗa mata muka wuce. Ashe ta samo wata malamar. 'Yar maƙwabtanmu ce, Ibo ma'aikatan reluwe da suka dawo bayan yaƙin basasa. Ajinmu ɗaya, ba ta taɓa wuce ni a jarrabawa ba, Hausarta ma a karkace take. Amma kullum sai in dawo daga famfo in tarar da su a gindin mangwaro, kai a haɗe, tana cewa, "Mama, sake kuma." Mama take ce mata, kamar ba ta da tata a gida.

Bayan an tone citta a shekarar, aka shirya bikin littattafai a filin makarantarmu. An jera tebura, masu sayar da littafi suka zo daga Jos a jirgi, har da wani tsohon malami wanda ya tattara tatsuniyoyin ƙauyukanmu ya buga. Ban taɓa ganin marubuci da idona ba, na ɗauka duk sun mutu. Tsarin bikin shi ne, duk wanda ya gama ajin manya zai fito ya yi karatu a gaban jama'a, wanda ya taimaka masa a gida ya riƙe masa littafin.

Tun da safe na goge rigata da dutsen gawayi. Mama tana ɗaura ɗankwali ta dube ni.

"Yarinyan reluwe ne zai riƙe min."

"Mama, ni fa?"

"Ke kina gudu kamar jirgin fasinja. Ita tana jira na."

Na tafi filin ni kaɗai, na zauna a bencin baya, kishi yana cin raina. Ko teburan littattafan ban leƙa ba, ni da na yi mako ina mafarkinsu.

Da aka kira Mama ta fito cikin zanen zumunta, yarinyar ta buɗe littafin ta tallafe shi kamar tiren ƙwai. Mama ta fara, kalma bayan kalma. A tsakiyar shafi ta maƙale. Ni daga baya na san kalmar, tana bakina, na ce a raina yanzu za a ga wadda ta iya. Yarinyar ba ta buɗe baki ba, ɗan yatsanta kawai ta ajiye a ƙarƙashin kalmar. Mama ta motsa leɓe, ta sake motsawa, sai ga ta ta fito. Mata suka rangaɗa guɗa. Tsohon marubucin ya tashi ya ba Mama littafinsa kyauta, ya dafa kan yarinyar ya sa mata albarka. Na so ƙwarai a ce iska ta juya shafin nan, kuma har yau ban manta da dafa kan nan ba.

A hanyar gida na lallashi kaina. Biki ya wuce, yarinya tana da gidan ubanta, sabon littafi kuwa dole a nemi mai karanta shi. Da yamma na riga kowa fitowa, na hau turmina, na goge hannu a zane ina jira.

Mama ta fito da littafin a hammata, kwandon citta a hannu. Ta dire kwandon a gabana, ta miƙo min wuƙa.

"Tashi ki ba ni wurin. Yau ni zan karanta maki."

Na sauko ƙasa na ja kwandon. Ta gyara zama, ta lashi yatsa ta buɗe shafin farko, ta fara a hankali, da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Duk watannin nan ina hararar 'yar mutane, ashe ba ita za ta karɓe min wuri ba. Ban ƙara zama a turmin nan ba.