Baba Mai Raga da Shaidun Durowar Farko

Kafin mai shara ya iso harabar kwaleji, Baba Mai Raga ya riga ya gama zagaya ta. Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan zagaye. Yakan jingine kekensa a gindin tankin ruwa, ya zaro hantsaki da wani tsohon gwangwani daga jaka, ya bi bangon ɗakin gwaje-gwaje sannu a hankali yana duba ƙarƙashin kowace fitila. Faɗa-wuta, 'yan uwan malam-buɗe-littafi masu son haske, a nan suke wayar gari, wasu manne da bango, wasu zube a ƙasa. Mai rai yakan dube shi ya wuce, sai fa in baƙo ne da bai taɓa gani ba. Matacce kuwa yakan ɗaga shi kamar mai ɗaukar ƙwai, don kada garin fiffikensa ya goge. Sai bayan haka yake buɗe ƙofa, ya sa rigar aiki, ya fuskanci abin da aka ɗauke shi dominsa: wanke kwalaben gwaji, goge tebura, jera kayan aiki kafin ɗalibai su shigo.

A takardar ma'aikata, mai hidimar ɗakin gwaje-gwaje ne, babu ƙari. Babu ƙofar da ke ɗauke da sunansa. Laƙabin ma daga ragar kama ƙwari da yake saɓawa ranar hutu ya samo shi, wadda ya haɗa da waya da tsohon gidan sauro. Dubbanmu mun bi ta wannan ɗaki, mun karɓi takardunmu mun watse, kuma sai da muka yi nisa muka gane wanda ya koya mana kallon abu da idon basira. Shi ne yakan tsaya a bayan ɗalibi ya ce, "Kada ka yi saurin ba shi suna. Dubi ƙahonninsa tukuna. In bakinsu da ƙulli kamar kan ashana, na rana ne. In kamar gashin tsuntsu suke, na dare ne. Shi da ya mutu ba ya sauri, kai ina za ka?" An sha ganin shugaban sashe, mai digiri uku, ya tura ƙofa ya rage murya yana tambaya, "Baba, wannan fa, wane ne?"

Dukiyarsa tana gida, a wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya kusa da kicin, inda warin kafur yake taryar mutum tun daga bakin ƙofa. A ciki akwai kabad mai durowa goma sha biyu, kowace da murfin gilashi, kowace cike da fukafukai a shimfiɗe: masu ruwan ƙwai, masu ruwan toka, masu ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, da masu zanen ido a baya. Kowanne sai da ya yi mako biyu a kan allon shanya, an danne fiffikensa da siririyar takarda, kafin ya samu gurbi. Maiɗakinsa, wadda tela ce, ta daɗe da sallamawa. "Mutane na kiwon kaji su ci ƙwai," takan ce wa baƙi, "ni nawa mijin gawa yake kiwo. Kuma da fil ɗina! Shekara goma ina zargin aljanu, ashe tare muke cin abinci da aljanin." Shi dai sai ya murmusa ya ce aro ya yi.

A jikin kowane fil, ƙarƙashin ƙwaron, akwai 'yar takarda da ba ta fi farcen babban yatsa ba, ɗauke da wurin da aka kama shi, da rana, da wata, da shekara. Baba yana kiran ta shaida. "Ba kyau ne abin ba," in ji shi. "Mai shaida labari ne. Marar shaida kuwa gawa ce kawai a kan tsinke."

Durowar farko ita ce ta shekarun ƙuruciyarsa, tun bai fara ajiye littafin rubutu ba. Guda arba'in da takwas ne a cikinta. Kaɗan ya kamo su a wani kurmi mai nisa, inda ya taɓa raka ɗalibai yawon karatu. Sauran duk daga fadamar bayan kwaleji suke. Wannan fadama babu ita yanzu. An cike ta da ƙasa, an mai da ita wurin ajiye manyan motoci, kuma wanda aka haifa bayan haka zai rantse ruwa bai taɓa kwanciya a wurin ba. Baba yakan ce a can baya, in damina ta ja, mutum yana taka ciyawa fukafukai na tashi har ya rasa wanda zai bi. In ya faɗi haka yakan tsura wa gilashin ido, kamar mai leƙen gidan da ya taɓa zama ta tagar da aka kulle. Abin da ya rage na fadamar nan a duniya, 'yan takardun nan ne.

Da shekarar ritayarsa ta kama, kwaleji ta yarda za ta karɓi kabad ɗin ta ajiye domin ɗalibai. A wannan tsakanin ne aka kwantar da shi asibiti don a cire masa yanar ido. Autarsa, wadda sakatariya ce a wani ofis, ta leƙa durowar farko ta ga takardun sun yi jawur, tawada ta kusa ɓacewa. Ta ji ba za ta iya bari manyan malamai su ga aikin mahaifinta a haka ba. Ta zare su duka, ta tafi da su ofis, ta buga sababbi a kwamfuta da haruffa masu kyau, ta yanka su daidai wa daida. Sai da ta dawo za ta mayar, ta tsaya da takardu arba'in da takwas a tafin hannu, ta rasa wace ce ta wane.

Ranar da aka sallamo shi, ido ɗaya a ɗaure, ta tare shi a tsakar gida.

"Baba, na yi ɓarna."

Ya shiga ɗakin, ya jawo durowar, ya duba da idon da ya rage. Ga su nan a jere, babu wanda ya karye, amma kowane fil tsirara.

"Garin neman gira an rasa ido," in ji maiɗakinsa daga bakin ƙofa. "Na ce mata kada ta taɓa. Ni da na yi shekara arba'in a gidan nan ko ƙura ban isa in kaɗe musu ba."

Baba ya zauna a kan kujera. Can ya ce, "Auta, tsofaffin, kin zubar?"

"Suna cikin ambulan, Baba."

"To, da sauran magana. Share hawayenki ki ɗauko kujera. Ke kika kwance, da idonki za a ɗaura."

Dabarar da ya fito da ita, sai wanda ya yi rayuwarsa da tsinke zai tuna da ita. Kowace tsohuwar takarda tana da hudar fil ɗin da ya ɗauke ta, kuma fil ɗin telan gidan ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu kauri, akwai sirara, akwai waɗanda suka yi tsatsa suka bar zobe ja a jikin takarda. Auta ta riƙe gilashin ƙara girma tana gwada huda da fil, tana karanto kwanan wata. Baba yana tuno ranar, yana faɗin abin da ya kama. Maiɗakinsa da ta shekara arba'in tana tsegumi kuwa sai ga ta ta zama babbar mashaidiya.

"Masu jan kan nan, shekarar da na haifi yayanki na saye su," ta ce wa Auta. "Kwali guda cur, ko mako bai yi ba ya ƙare. Kai, malam, Allah dai ya yafe maka."

"Kin ga amfanin aro ke nan," in ji Baba.

Mako uku suka yi a haka, kullum da la'asar in Auta ta taso daga aiki. Ba ya yarda a mayar da takarda sai huda ta yi daidai, tsatsa ta yi daidai, tunaninsa ma ya yi daidai. In ɗaya ya saɓa, sai ya ce a ajiye gefe. Guda arba'in da ɗaya suka koma gurbinsu. Shida daga cikin ragowar gama-gari ne, ana samun su ko'ina. Na bakwai shi ne abin ji: wani babba mai baƙin fiffike da shuɗin layi, wanda babu irinsa a duk kabad ɗin. Fil ɗinsa siriri ne marar tsatsa, kuma takardu biyu suka dace da shi. Ɗaya ta ce kurmi. Ɗaya ta ce fadama.

Shugaban sashe da kansa ya zo gidan da ya ji labari. Ya daɗe a sunkuye a kan gilashin.

"Baba, a kurmi irin wannan ba abin mamaki ba ne. Amma in na fadamarmu ne, babu wanda ya taɓa rubuta shi a wannan yanki. Za mu buga a mujalla, da sunanka a sama, ba nawa ba. Me zuciyarka ta ba ka?"

"Zuciyata ta ce fadama, ranka ya daɗe. Ko yanzu na rufe ido ina ganin sa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana buɗewa yana rufewa."

"To, ai magana ta ƙare!"

"Ba ta ƙare ba. Zuciyar nan tawa tana son fadamar fiye da kima. Shi ya sa ba zan karɓi shaidarta ba."

Auta ta durƙusa a gabansa. "Baba, ni na jawo maka. Shekara talatin da takwas ba a taɓa rubuta sunanka ko'ina ba. Ka sa fadama. Wa zai sani?"

"Wani yaro zai zo bayan mun tafi," ya ce, "ya karanta ya yarda, ya ɗora nasa ginin a kai. Ni ba na nan balle in ce masa, tsaya, ban tabbatar ba. In na yi ƙarya a ɗaya, sauran arba'in da ɗayan wa zai gaskata su? Miƙo min alƙalami, 'yar nan."

Ya yanki sabuwar takarda, ya kanga ta kusa da idonsa, ya rubuta: "Wuri, ba a tabbatar ba." Sau bakwai ya rubuta haka. Maiɗakinsa ta juya ta koma wajen kekenta na ɗinki, kuma a ranar ba ta yi masa tsiya ba.

Baba, kai ne mai ragar da ba ta kamu don ciki. Kai ne ka wanke kwalaben da wasu suka yi suna da su, ba ka taɓa jin haushi ba. Sau ɗaya tak duniya ta miƙo maka abin da ta daɗe tana hana ka, ka dube shi da kyau, ka mayar mata, saboda farashinsa kalma ɗaya ce da ba ka da yaƙini a kanta. Na san abin ya yi maka ciwo. Ba sunan ne ya dame ka ba. Abin da ya dame ka shi ne, da ka iya rantsewa, da fadamar da kake kewa ta shiga littafi ta zauna har abada, ko da motoci sun danne ta.

A ƙarshen watan jiya ya miƙa makullai. An ɗauko kabad ɗin a bayan mota, shi yana zaune kusa da shi ya dafa shi da hannu biyu, yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Mu da muka amfana muna warwatse a garuruwa, kowa da uzurinsa, kuma wannan rubutu ba zai biya rashin zuwanmu ba.

Mun gode, Baba Mai Raga. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta cikin mutunci, ya saka wa maiɗakinka da Auta da alheri. Ku kuma matasa masu riƙe da alƙalami da ma'auni, a ofis kuke ko a asibiti ko a aji, wata rana za a ba ku damar cike gurbi da abin da ranku yake so. Kafin ranar ta zo, ku je ɗakin gwaje-gwajen nan, ku sa a jawo muku durowar farko, ku karanta abin da wani tsoho ya rubuta a lokacin da babu mahaluƙin da zai iya kama shi da ƙarya.